Ku Buɗe Zaure, A Karanta Sabon Wasa



A unguwarku akwai mai rubuta wasan kwaikwayo. Wallahi akwai. Wataƙila ɗaliba ce a sakandaren 'yan mata. Wataƙila malamin firamare ne. Wataƙila yaron shagon caji ne da kullum kuke gani yana danne-danne a waya, kuna zaton hira yake yi, alhali fitowa ta uku yake ƙarasawa. Wani ya cika littafin makaranta guda da rubutu. Wata ta gama nata tun bara. Ba wanda ya karanta. Ba wanda ya ji. Ba wanda ya ce musu nan ya yi, nan a gyara.

Abin da suke nema bai fi ƙarfinmu ba. Bakunan da za su furta maganganun da suka rubuta. Kunnuwan da za su saurara. Wurin zama na awa biyu. Sai kuma wani babba da zai ce, "Koma ka gyara, ka dawo mana watan gobe." Iyakar abin ke nan. A ƙasashen da ake ji da su wajen wasan dandamali, hukumomi da gidajen wasa ne ke ɗaukar wannan nauyi, su tara sababbin marubuta su raine su har wasansu ya nuna. Mu a nan, idan muka zauna jiran wata hukuma, sai yaran nan su tsufa da rubutunsu a ƙasan akwati. Don haka mu za mu yi. Ni da ku.

Me ya sa sai an karanta a fili? Domin wasa ba ya kammala a kan takarda. Littafin labari, mutum ɗaya zai iya ƙulewa a ɗaki ya karance shi tas. Wasa kuwa kamar ɗinki ne, sai an sa shi a jiki ake gane inda ya matse da inda ya yi burum. Marubuci ba ya jin wasansa sai ya fito daga bakin wani.

Ku zo mu leƙa irin zaman da nake kira a yi. Asabar ce, bayan la'asar, a wani ajin firamare. An jawo bencina an yi da'ira. Marubuciyar yarinya ce, tana gefe, biro a hannu, gabanta na faɗuwa. Wasanta a kan wani saurayi ne da ya tafi ci-rani Kudu ya dawo hannu rabbana. An raba takardu. Wata dattijuwa ce aka ba matsayin uwa. Ta gyara tabarau ta karanta: "Ya kai ɗana Auwalu, haƙiƙa na yi matuƙar baƙin ciki da yadda ka dawo." Sai ta tsaya. Ta ajiye takardar a cinya.

"'Yar nan, ba ɗan fari ba ne?"

"Shi ne, Gwaggo."

"To wace uwa ce za ta kama sunan ɗanta na fari gatsal, a gaban mutane? Kuma uwar da ranta ya ɓaci ba ta wannan doguwar Hausa. Cewa za ta yi, 'Ka ci abinci kuwa?' ta juya ta ci gaba da tankaɗenta."

Aka sake karantawa yadda Gwaggo ta faɗa. Ajin ya yi tsit. Yarinyar ta ja layi a kan jimla uku, ta rubuta kalma huɗu a madadinsu. Can gaba, inda ta tabbatar za a yi dariya, ba wanda ya ko murmusa. Inda ba ta zata ba kuma aka kwashe da dariya har da tafi. A shafi na goma sha biyu ta ɗaga kai ta ga mutum uku sun ciro waya. Ba wanda ya ce mata komai, amma ta gane shafin nan ba shi da aiki. Wace makaranta ce za ta koya mata wannan a yini ɗaya? Kuma nawa aka kashe? Kuɗin fotokofi da jakar fiya wata.

Kada wani ya ce baƙon abu ne. Wasanninmu da muke alfahari da su ta wannan hanya suka bi. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, har ya zama malami a Bauci, rubuta wasanni yake yi ɗalibai suna kwaikwaya, suna taɓo zaluncin masu iko a gaban jama'a. Abubakar Tunau ya fitar da Wasan Marafa a 1949. Shu'aibu Maƙarfi, kafin Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu su zama littattafai a 1959 da 1960, sai da suka bi ta bakin 'yan wasa a rediyo a Kaduna, mutane suka ji su a gidajensu. Haka Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, a rediyo ya yi ƙarfi kafin ya hau takarda a 1980. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka zauna suka mayar da shi wasan dandamali, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Uwar Gulma, Tabarmar Kunya, Kulɓa Na Ɓarna, duk wanda ya yi Hausa a sakandare ya san su. Amma ku duba shekarunsu. Ku duba da kyau. Jikokin waɗanda suka fara karanta su ne ke karanta su yau. Ana samun sababbi jefi-jefi, irin Malam Zalimu na Ado Ahmad Gidan Dabino, amma ina ɗaruruwan da ya kamata a ce al'umma mai miliyoyin baki ta haifa? Ina wasan da zai ba da labarin 'yan gudun hijira? Ina na ɗan adaidaita sahu? Ina na manomin da ya bar gonarsa saboda tsoro? Suna nan. An rubuta su. Ba a karanta su ba ne.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a tsakiyar shekarun 1970, an gina gidan wasa da ƙasa, ginin Hausa, mai kama da tsakar gida da ɗakuna a kewaye. Malamai irin su Michael Etherton, da Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka riƙa kwasar ɗalibai suna shiga Samaru da Soba da Bomo, su zauna da manoma, su ji kukansu, su haɗa wasa tare da su, su nuna a dandalin gari, mutanen gari su ce a'a, ba haka abin yake ba, a sake. A Nijar, zamanin samariya, ƙungiyoyin wasa na Damagaram, su Yazi Dogo, da baki suke ƙulla wasa, su gwada, su gyara, har ya zauna. Alfred Dogbé a Yamai ya kafa ƙungiyar Arène Théâtre da bikin Émergences, ya yi ta jan matasa a jiki har ya rasu a 2012. Ita kanta Kannywood daga ina ta fito? Daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi Turmin Danya a Kano a 1990. Gidanmu ne wannan, ba na aro ba.

Idan kuna son jin yadda wasu suka riƙe abin da muhimmanci, ga shi. A Amurka, a garin Waterford na jihar Connecticut, akwai cibiyar Eugene O'Neill. Tun 1965 take gayyatar marubutan wasa kowace shekara, ta ba su masauki da abinci da ƙwararrun 'yan wasa. Ba a ɓata kuɗi wajen ƙawata dandamali. 'Yan wasa na riƙe da takarda a hannu suke yi, marubuci ya saurara, ya kwana yana gyara, gobe a sake. Wani baƙar fata da ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, August Wilson, an sha mayar masa da rubutunsa kafin a karɓe shi a 1982. Cikin shekara biyu wasan da aka karɓa ya hau manyan dandamalin New York. Daga baya ya ci kyautar Pulitzer sau biyu. Wole Soyinka ma, tun bai yi suna ba, a ƙarshen shekarun 1950, aikin karanta rubutun wasanni yake yi a gidan wasa na Royal Court a Landan, can kuma aka ba shi dare guda ya gwada nasa. A 1986 ya karɓi Nobel.

Za ku ce ai waɗannan masu kuɗi ne. To ku zo nan kusa, Wagadugu ta Burkina Faso. A 2002 Étienne Minoungou ya kafa Récréâtrales. Marubuta da daraktoci da 'yan wasa daga ƙasashen Afirka suna taruwa su yi makonni suna rubutu da gwaji tare. Kuma a ina ake nuna wasannin? A tsakar gidajen talakawa, a unguwar Gounghin. Magidanci ya buɗe ƙofarsa. Uwargida ta kawar da turmi da igiyar shanya. A jera bencina, a rataya fitilu, baƙi daga ƙasashe su cika gida, yaran unguwa su leƙo ta katanga. Layi guda ya zama gidan wasa. Ku gaya mini, wane ne ya fi mu tsakar gida? Wane ne ya fi mu zaure? Mutanen da yaransu ke fita tashe gida-gida daga goma ga azumi, su yi shigar tsoho, su yi shigar mai magani, ba darakta ba kowa, su ne za a koya wa yin wasa a ƙofar gida?

Wani zai ce ai akwai gasa. Akwai, kuma Allah ya saka wa masu shiryawa. Gasar 1933 ta Zariya ce ta haifa mana Ruwan Bagaja da Gandoki da Shaihu Umar. Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016, ta fito da mata marubuta gajerun labarai da ba mu san da su ba. Babbar kyautar adabi ta NLNG, mai dala 100,000, tana zagayowa kan wasan kwaikwayo sau ɗaya a shekara huɗu, Ahmed Yerima ya taɓa cinye ta a 2006, sai dai ta masu rubutu da Turanci ce. Amma ku lura. Gasa a ƙarshe take zuwa. Ta ɗauki mutum ɗaya ko uku, sauran su koma gida ba tare da an gaya musu inda suka kuskure ba. Mu a kan farkon muke magana. Lokacin da wasa yake ɗanye, yana da rami a tsakiya, ƙarshensa bai zauna ba. Lokacin ne ake bukatarmu.

To, ga aikin.

Kai mai zaure, buɗe shi. Shugabar makaranta, ba da aji ɗaya ranar Asabar. Mai kula da laburare, shugaban ƙungiyar matasa, mai gidan kallon ƙwallo da ke kulle da safe, ku ba da wuri. Sau ɗaya a wata. Ku tsayar da rana, kada ta motsa ko ruwa ake ko iska, domin zaman da ake ɗagawa sau biyu ya mutu.

Kai mai baki, zo ka karanta. Ba sai ka taɓa hawa dandamali ba. In kana iya karanta Hausar boko ba gargada, ka isa. Ke da kike da murya mai daɗi, zo. Baba mai ritaya, zo, akwai matsayin maigari yana jiran ka. Ku ɗauki mutum ɗaya ya riƙa karanta umarnin wasa, wane ya shigo, wance ta fita, an ja labule. Wasa ɗaya a zama ɗaya. Kada a haɗa biyu, kada a cika zaman da jawabin manyan baƙi. Ba taron ƙaddamarwa ba ne. Aiki ne.

In an gama karatu, a nan ake gane mutanen kirki. Marubuci ya yi shiru, ya riƙe biro, kada ya kare kansa. Ku kuma ku faɗi abin da kuka ji a jikinku. A ina kuka yi dariya? A ina hankalinku ya tafi wani wuri? Wa kuka yarda da shi, wa kuka ji ƙarya a bakinsa? Ku fara da abin da ya burge ku, domin yaron da aka tsinka a zaman farko ba zai dawo na biyu ba. Amma kada ku yi masa ƙarya. "Ma sha Allah, ya yi kyau" kaɗai ba taimako ba ne, sallama ce. Kuma ina roƙon ku da babbar murya, kada ku karɓe masa wasa. Kowa yana da yadda da shi ne zai ƙare labarin. Riƙe naka, je ka rubuta. Wannan nasa ne. Ku nuna masa inda ke ciwo, shi zai nemo magani.

Bayan wata guda ya dawo da gyara. A sake karantawa. A karo na uku a miƙe tsaye, takarda a hannu, a yi tafiya, a shiga a fita. A na huɗu a gayyato unguwa. Kada ku yi gaggawa. Wasan da aka gyara sau huɗu ya fi wasa huɗu da ba a gyara ba.

Ku tsare amana. Wannan babba ce. Yara da yawa suna ɓoye rubutunsu ne don tsoron a sace, su wayi gari su ga labarinsu a fim da sunan wani. Don haka kowane zama a buɗe rajista, a rubuta sunan wasa, sunan mai shi, kwanan wata, da sunayen waɗanda suka halarta. A ƙirga kofi nawa aka raba, a karɓe su in an tashi. Duk mai son wasan ya zo ta ƙofa, a rubuta yarjejeniya, a biya. Wanda ya ci amanar zaure, kowa ya san shi, kuma kada ya sake zama a cikinku.

Iyaye, ku bar su su zo. In zuciyarku ba ta kwanta ba, ku biyo su ku zauna a sahun gaba, ku ji da kunnenku. A Islamiyya ma ai 'ya'yanmu suna yin wasan kwaikwayo ranar walimar sauka, muna tafa musu. Mata, ku kafa naku zaman a cikin gida, bayan an sauke tukunya. Akwai matan aure da ke rubuta littattafai a waya, dubbai na bin su a WhatsApp da Facebook, kuma wallahi sun iya sa magana a bakin mutum. Ku ce musu su gwada wasa. Abin da ake faɗi a ɗakin mai jego da wurin rabon gado, su suka ji shi, su za su rubuta shi daidai.

Malaman Hausa, kuna koyar da wasan kwaikwayo kowane zango. Ku sa ɗalibai su rubuta nasu, ko mai shafi biyar ne, su karanta a gaban aji. Ku farfaɗo da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta. Malaman jami'a na Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram da Maraɗi, ku fito daga harabar jami'a, kowa ya ɗauki zaure ɗaya a gari ya zama uban gidansa. Rassan ƙungiyar marubuta ta ANA da sauran ƙungiyoyin marubuta da ke zaman karatu duk wata, ku ware wa wasa nasa zaman, kada waƙa da labari su cinye lokacin duka.

Dattawanmu na rediyo da talabijin, ku da kuka yi zamani da su Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu, muna roƙon ku. Kun san inda ake jan numfashi kafin a saki magana. Kun san yadda ake riƙe 'yan kallo. Ba a rubuta wannan ilimi a ko'ina ba, a ƙirjinku yake. Ku zo ku zauna da yaran nan ku zuba musu. Ku kuma matasa, ku je ku ɗauko su, ku biya musu kuɗin mota, ku ba su kujera mai kyau.

Gidajen rediyo, yanzu kusan kowane babban gari yana da FM, wani garin har da yawa. Ku ba da rabin awa a mako ga sabon wasa na sabon marubuci, ku ambaci sunansa a farko da ƙarshe, ku buɗe layi masu sauraro su faɗi ra'ayinsu. Furodusoshi da daraktocin fim, kuna kukan ƙarancin labari mai kyau, ga inda ake shuka shi. Ku aiko da wakili. Ku ɗauki nauyin marubuci ɗaya na wata uku, ya zauna ya yi rubutu ba tare da tunanin cefane ba. A Iseyin ta jihar Oyo, Wale Okediran ya buɗe gidan Ebedi a 2010, marubuta na zuwa su zauna makonni su yi aikinsu. Mutum ɗaya ne ya fara. Alhaji mai gidan da ke kulle ba kowa, Hajiya mai ɗakunan baƙi, ɗaki ɗaya da tebur da fitila sun isa.

Wanda ba shi da gida, ba shi da murya, yana da naira. Ku yi karo-karo. Ku yi adashe. Wani ya ɗauki fotokofi, wani ruwa, wani kuɗin motar masu zuwa daga nesa. Mai shagon buga takardu, yi musu ragi. Ranar da aka nuna wa unguwa, a zagaya da faranti, kuma kason farko na marubuci ne. Ko kaɗan ne a damƙa masa a hannu a gaban mutane, ya san abin da ya yi aiki ne. Mai waya mai kyau, ɗauki muryoyin, da izinin mai wasa, a aika wa 'yan'uwa a Zangon Kumasi da Yawunde da Sudan, su ma su kafa nasu, a riƙa musayar wasanni.

Kai kuma marubuci, ke kuma marubuciya, saura ku. Ku fito da shi. Kada ku jira sai ya yi kyau, ba zai yi kyau a ɓoye ba. Ku sa lamba a kowane shafi. Ku rubuta sunan mai magana a gefe, a fili. Ku shiga kasuwa da tasha da layin asibiti ku saurari yadda mutane ke magana, ku bar Hausar jawabi. Za a soki abin da kuka fi so a ciki. Zai yi zafi. Ku haɗiye, ku koma gida, ku gyara, ku dawo. In an karanta naku, ku zauna a karanta na wani.

Yau, kafin ku kwanta, ku kira mutum uku. Ɗaya mai wuri. Ɗaya mai baki. Ɗaya wanda kuke zargin yana rubutu a ɓoye, ku tambaye shi kai tsaye, ku nace har ya amsa. Gobe ku je ku ga shugaban makaranta. Jibi a buga takardu. Ku sa ranar Asabar ta farkon watan gobe, ku sanar a masallaci da majalisa da zauren WhatsApp na unguwa. Wanda zai kawo tabarmi ya kawo su kafin la'asar, a fara ƙarfe huɗu da rabi daidai, ko mutum biyar ne suka zo.